SUTURA AMANA CE: DARASI DAGA ƘOFAR MAZUGAL

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da auduga daga ƙasa, Ya sanar da ɗan Adam kaɗi da saƙa, Ya suturta shi bayan ya zo duniya tsirara. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan abin da kowannenmu yake ɗauke da shi a jikinsa dare da rana, watau tufafi. Mun saba tambayar malamai ko ya halatta a yi salla da rigar da najasa ta taɓa, ko kuwa ya halatta namiji ya sa alharini, kuma wannan duka daidai ne. Amma akwai waɗansu tambayoyi da ba mu cika yi ba. Wa ya yi rigar nan? An biya shi hakkinsa? Ina aka zubar da ruwan da aka rina ta da shi? Ina za ta kwana idan mun gaji da ita? Turawa a yau suna ta taro a kan yadda za a riƙa yin tufafi kaɗan-kaɗan, masu ƙarko, ba tare da ɓata ƙasa da ruwa ba. Mu kuwa muna da amsa a wuri biyu tun kafin su fara tambaya: a cikin littattafan Shari'a, da kuma cikin lungunan birnin Kano.

SANA'AR DA BA TA ZUBAR DA KOME

Mu fara daga Ƙofar Mazugal, ba nisa da Dutsen Dala. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wannan ƙofa cikin ƙofofin farko da aka yi sa'ad da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginin ganuwa. Masu ba da tarihi suna danganta sunanta da mazuga, watau masu zuga wutar ƙira, domin tun asali gindin Dala mazaunin maƙera ne. Ashe ke nan ƙofar da kanta sunan sana'a take amsawa. Wanda ya shiga gari ta nan ya nufi Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), zai tarar sunayen unguwanni suna ba shi labari: Soron Ɗinki, Kankarofi, Dukawa. Can kuma ga karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi a 1498, kuma har yau ana rini a waɗansu daga cikin rijiyoyinsa.

To, yaya kakanninmu suke yin riga? Manomi ya shuka auduga da baba a gonarsa. Mata a cikin gida su gurza audugar, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Angurya kuwa a ajiye iri, saura a ba dabbobi. Masaƙi ya saƙa sawaye siri-siri, maɗinki ya harhaɗa su gwargwadon abin da aka sa shi. Marini ya haɗa ruwa da toka da baba a cikin rijiyar rini, ya bar su su ruɓa kwana da kwanaki, sa'an nan ya riƙa tsoma tufa yana ɗagawa ta sha iska, har ta juye daga kore zuwa shuɗi. Daga nan sai mabuga, inda ake bugun tufa da shuni har ta yi ƙyalli, aikin da garin Kura ya yi suna a kansa, har Buzaye suke kiran rawaninsu da sunan garin.

Abin lura a nan shi ne abin da ake yi da saura. Idan ƙarfin baba ya ƙare, marini ba ya watsar da laƙar da ta kwanta a ƙasan rijiya. Sai ya kwashe ta, ya dunƙula, ya shanya, ya ƙona, ta zama katsi. Wani katsin ya koma cikin sabon haɗi. Wani kuma a gauraya shi da gashin jima, wanda majema suka kankare daga fata, da dafara, ya zama laso, watau simintin gargajiya da ake shafe rijiyar rinin da shi, ake kuma shafe rufin soro don kada ruwa ya yi yoyo. Ku duba, jama'a: sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini. Riga kuma idan ta tsufa a juya ta, a yi mata faci, a rage ta ga yaro, daga ƙarshe ta zama tsumma ko cikin matashi, kuma da yake auduga ce, ƙasa ta cinye ta.

Kada wani ya zaci ƙaramar sana'a ce. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne cewa ba a cikin manyan ma'aikatu ake wannan aiki ba kamar yadda ya sani a Turai. A cikin gidaje ake yi, iyali suna cin abinci ba tare da sun rabu da juna ba. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba, domin da yawa daga audugar da baban bayi ne suka noma su a rinji, kuma wannan ba abin da za a yi marmarin dawowarsa ba ne. Tsarin tattali da rashin ɓarna shi ne abin da muke nuni a kai.

Shugabannin jihadi ma ba su ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya ce a zaunar da su a kowane gari gwargwadon bukatar mutanensa.

YADDA AKA ZO INDA MUKE

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata, wanda ya karya kasuwar baba a duniya. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Turawan Ingila sun so su kwashe audugarmu zuwa masaƙunsu, amma da farko abin bai yi musu yadda suke so ba, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da su, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Sannu a hankali dai yadin Turai ya cika kasuwa. Sa'an nan zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano, har masaƙu suka zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki aka kuma rushe hukumar cinikin auduga, sai abubuwa suka fara lalacewa: ga rashin wutar lantarki, ga tsadar kayan gyara, ga fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002. A 2015 marinan Kano sun yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kukan cewa rinannen yadin da ake shigowa da shi daga Sin yana raba su da abincinsu. Yau mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa.

A can waje kuma wata irin hauka ce ta kama duniya, ta sayen tufafi a sa sau kaɗan a jefar. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake yi a duniya ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, kuma a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona abin da ya kai cikin babbar mota guda na tufafi. Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yanzu na roba ne, daga man fetur, wanda ba ya ruɓewa. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya ya ƙafe sai ɗan abin da ya rage, saboda tun shekarun 1960 aka karkatar da kogunan da ke shayar da shi zuwa gonakin auduga. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a kan maɗinka a ƙasar Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu, akasarinsu mata, 'yan'uwanmu Musulmi, suna ɗinka riguna masu araha don kantunan Turai da Amurka. A kasuwar Kantamanto ta birnin Ankara a ƙasar Gana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kimanin tufafin gwanjo miliyan 15 suke shiga kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke zama, su toshe magudanai su cika bakin teku. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya leƙa kwatocinmu da damina ya san tsummokaran roba da leda ba su bar mu ba.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Musulunci bai hana ado ba. A Suratul A'araf, aya ta 31 da ta 32, Allah Ya umurce mu da yin ado domin zuwa masallaci, Ya kuma yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar wa bayinSa. Amma a wuri guda ɗin Ya hana israfi, Ya ce ba Ya son masu yin sa. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Ya yabi bayinSa da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro. A Suratur Rum kuwa, aya ta 41, Ya sanar da mu cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce.

Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Anas ya ga Sayyidina Umar, yana Sarkin Musulmi, da faci uku a tsakanin kafaɗunsa. Bukhari kuma ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar, da ajali ya matso, ya ce a wanke tufar da ke jikinsa a haɗa cikin likkafaninsa. Da aka ce masa ai ta tsufa, sai ya nuna cewa mai rai ya fi mamaci bukatar sabuwa. Wannan mutum fa ɗan kasuwar tufafi ne, ya san sabo ya san tsoho. Idan kuwa har an hana Sa'adu ɓarnar ruwa a alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake, kamar yadda Ibnu Majah ya ruwaito, ina ga ɓarnar ruwa don rina rigar da za a sa sau ɗaya?

Akwai kuma wata hikima a cikin sa mai sana'a ya yi maka abu gwargwadon bukatarka. Manzon Allah da kansa ya sa an ƙera masa zobe, an kuma sassaƙa masa mumbari, malamai suka kafa hujja da wannan a kan halaccin irin wannan ciniki idan an bayyana siffa da awo da farashi. Wanda ya kai yadi wajen tela aka auna shi, an yanka abin da za a sa ne, ba a tara dubbai a sito ana jiran mai saye ba. Mu a ƙasar Hausa har yanzu muna kan wannan al'ada, wadda waɗansu ƙasashe suka yar suke nema da kuɗi. Allah Ya umurci Annabi Dawuda, a Suratu Saba'i, da ya kyautata awo a saƙar sulke. Awo da inganci, ashe, umurni ne tun daga sama.

KOWA DA NASA NAUYI

Ga maɗinka muna cewa: Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta bayyana cewa mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya tafi da shi, ko da lada yake aikin ko kyauta. Saboda haka yadin da aka kawo maka amana ne. Idan an kawo yadi biyar, huɗu da rabi suka isa, ragowar rabin nan na mai shi ne sai in ya yafe. Ƙananan ƙyallayen da al'ada ta nuna ba a nemansu, kada a zuba su a kwata ko a cinna musu wuta a lungu hayaƙi ya dami maƙwabta. A tara su a ba masu yin matashi da katifa da kayan yara. Sa'an nan a daina karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfin shago in Salla ta gabato. Tela ya karɓi aikin mutum hamsin alhali ƙarfinsa na ashirin ne, ƙarshenta ya yi ɗinkin gaggawa mai warwarewa, ya saɓa alkawari, ya kwana da yara a kan keke har su kasa sallar Asuba. Aiki kaɗan mai kyau ya fi albarka, kuma shi ne yake riƙe mai ciniki shekara da shekaru.

Ga marina na zamani, masu rina shadda da garin rini da soda mai ƙuna a cikin unguwanni: ba mu ce sana'arku haramun ce ba, kuma mun san tana ciyar da gidaje masu yawa. Amma ruwan da kuke tuntsurarwa a kwata yana bi ta ƙofar gidajen mutane, yara suna wasa a cikinsa, yana tsima cikin ƙasa kusa da rijiyoyi, ya gangara Jakara, can gaba kuma masu lambu su shayar da kayan miya da shi. Hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya hana cuta da cutarwa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai ƙazantar da mashayar jama'a da hanyarsu da inuwarsu. Ku haɗa kai a kowace unguwa ku gina rami mai siminti inda ruwan zai kwanta laƙarsa ta zauna kafin a sake shi, ku nemi shawarar ma'aikatan lafiya a kan inda za a kai laƙar, ku auna magani daidai kada ku zuba fiye da kima, ku saya wa yaranku safar hannu da takalmin roba. Kakanninku sun san inda kowane digo na rijiyarsu yake zuwa.

Ga 'yan kasuwa: Manzon Allah ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya gaya wa mai shi cewa mai algus ba ya cikinmu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Sayar da yadin roba da sunan auduga algus ne. Buga tambarin wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba algus ne. Kiran rinin kanti da sunan rinin baba don a tsuga wa baƙo kuɗi algus ne. Rage awon yadi kuwa yana cikin abin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa alkawarin azaba. Sa'an nan ku tuna da matan da ke cikin kulle suna ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Mace ta yi makonni tana tsiyayar da idonta a kan hula ɗaya, dillali ya ba ta abin da bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, ko ya ce sai an sayar. Bukhari ya ruwaito cewa Allah da kanSa zai yi husuma ranar Ƙiyama da wanda ya sa ɗan ƙodago aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. Attajirin da Allah Ya buɗa wa, ya ware wani abu daga jarinsa ya ba masaƙi ko marinin baba kuɗi a gaba bisa sharuɗɗan salam, ya karɓi kaya kaɗan-kaɗan masu kyau ya nema musu kasuwa. Wannan ciniki ne, kuma taimako ne.

Ga ma'aikatan Gwamnati: a hannunku odar kayan 'yan makaranta da na asibiti da na masu gadi take bi. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni cewa ma'aikatunta su fifita kayan gida wajen saye, har da kayan sarki da takalma. Takarda ba ta aiki da kanta. Akawun da ya raba odar rigunan makaranta ga ƙungiyoyin teloli na gari, ya biya su a kan kari ba tare da neman na goro ba, ya yi wa addininsa da garinsa hidima. Jami'in tsabta kuma da ya ga ana zuba ruwan rini kusa da rijiyar unguwa ya kau da kai saboda an sa masa wani abu a aljihu, ya sani yana da kaso a cikin kowace cuta da ta biyo baya.

Ga mu duka masu saye: mu dubi al'adar anko, inda kowane biki sai an fitar da sabon yadi, a sa rana ɗaya a jefa ƙasan akwati, mai ƙaramin albashi ya ci bashi don kada a ce bai yi ba. Mu dubi lefe, da ake jera akwatuna ana ƙirga turame don a faɗa a gari, har aure ya gagari samari. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce, Malam, saƙi da rinin baba ai sai mai hali. Talaka in ba gwanjon Ƙofar Wambai da yadi mai araha ba, da me zai rufe jikin 'ya'yansa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba da talaka muke ba. Wanda ya sayi gwanjo ya wanke ya sa har ya tsufa, shi ne ma ya fi kowa nisa da israfi. Da mai hali muke, wanda yake ɗinka kala goma a shekara alhali uku sun ishe shi. Da zai rage adadi ya ƙara inganci, ya sa ko da riga ɗaya ta saƙar gida da aikin hannu a cikin kayan Sallarsa, da kuɗinsa ya zaga hannun manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da maɗinki, maimakon ya tsallaka teku. Araha ba ta ado, kuma rigar da ta yi shekara biyar ana sawa ta fi biyar da suka koɗe a wanki uku sauƙi, in an yi lissafi.

Saboda haka muna ba da shawara, kafin kowa ya tafi kanti a wannan shekara, ya buɗe akwatinsa tukuna. Abin da ke bukatar gyara a kai wa tela. Abin da ya shekara ba a sa ba a fitar da shi tun yana da kyau, a ba ɗan'uwa ko maƙwabci ko almajiri, kada a jira sai asu ya ci. Limamai kuma su riƙa taɓo wannan magana a huɗuba da wajen ɗaurin aure, domin kunya ce take sa mutane yin anko, kuma in manya suka fara bari, na ƙasa za su samu sauƙi.

Allah Ya suturta mu duniya da Lahira, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin hakkin ma'aikaci da cutar da maƙwabci, Ya ba mu wadatar zuci. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin zakkar kayan kanti da yadda mai sayar da yadi zai yi musu ƙima idan shekara ta kewayo. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.